Kadan Dutse da Rijiyar da Ta Ci Yayana

Kun taso kuna jin ana cewa aljani ne ya kashe Baffanku Musa a cikin rijiya, ni kuma na bar haƙa saboda abin ya shafe ni. Ban taɓa gyara muku wannan zance ba, domin Inna, kakarku, ta ɗaure ni da alkawarin in yi shiru muddin tana da rai. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara gaya mini lokaci, saboda haka zan faɗa muku yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi.

Haƙar rijiya muka gada. Mahaifinmu ya koya wa Yaya Musa, shi kuma ya koya mini. Ya girme ni da shekara takwas, kuma shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce Babba. Mutum ne mai faɗin ƙirji da saurin dariya, ba ya zama wuri guda. A ranin shekarar da abin ya faru aka kira mu wani ƙauye arewa da Zango, dab da iyakar Nijar. Rijiyarsu ɗaya ta ƙafe, mata na fita da jakuna tun da farar safiya, ba sa dawowa da ruwa sai rana ta take. Mai garin ya sauke mu a zaurensa. Muka zaɓi wuri kusa da wata tsohuwar tsamiya, muka fara. Ƙa'idarmu ita ce yau ni a ciki shi a kan igiya, gobe shi a ciki ni a kan igiya. Akwai kuma ƙa'ida ta biyu da mahaifinmu bai taɓa sassautawa ba: kowace safiya, kafin mutum ya sauka, sai an zura fitilar aci-bal-bal a cikin guga har ƙasa. In ta ci gaba da ci, iskar lafiya ce. In ta mutu, ba mai shiga.

Mun wuce yashi, mun wuce jar ƙasa da marmara, muka shiga wani farin dutse mai laushi wanda ban taɓa haƙa irinsa ba. A zurfin gaba goma sha bakwai, ranar da nake ciki, diga ta bugi wani abu da ya ba da sauti daban. Na durƙusa na share da hannu. Wani falle ne mai faɗin tafin hannu, baƙi-baƙi, duk jikinsa ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Na share gefensa, sai ga wani, sai wani, jere bi da bi kamar an shirya su da gangan. Na bi layin da yatsa har jikin bangon rijiyar, na ɓamɓare wani ɓangare na dutsen. Abin da ya fito ya sa na ja da baya har bayana ya bugi ɗaya bangon. Baki ne. Dogo, siriri, ya kai tsawon taɓarya, haƙora sun jeru sama da ƙasa suna shiga tsakanin juna, kowanne kamar tsinin ƙahon ɗan maraƙi. Can ƙarshensa ga rami zagayayye inda ido ya kamata ya kasance, kuma ramin yana fuskantata.

Wanda bai taɓa tsayawa a ƙasan rijiya ba ba zai gane ba. Sama ta zama ɗan farin faifai can nesa. Ba ka jin komai sai numfashinka. Ba inda za ka gudu. Na so in yi addu'a, bakina ya ƙi. Na ja igiya sau uku, alamar a fitar da ni.

Da na fito na gaya wa Yaya Musa a gefe, ya yi dariya.

"Ƙashin raƙumi ne, Idi. Ko na jaki."

"Yaya, wane raƙumi ne zai shiga cikin dutse gaba goma sha bakwai? Kuma raƙumi da sulke?"

"To ko ma mene ne, ya mutu. Kada ka gaya wa mutanen garin nan, su hana mu aiki. Mata na wahala. Jibi ni zan shiga in gaishe shi."

Ya ce jibi ne saboda washegari ranar kasuwar Mai'adua ce, zai je ya sayo sabuwar igiya, tamu ta fara tsinkewa. Ya hau bayan wata motar hatsi ya tafi, ya bar ni da abin da na gani. Na kasa cin abinci. Duk inda na juya sai in ga ramin idon nan. A ƙasarmu ta Daura ba yaron da bai taso da labarin abin da ke zama a cikin rijiya ba, kuma ni na taso da shi fiye da kowa. Da hantsi na je wurin wani tsoho da ke sayar da saiwoyi a bakin masallaci. Ban gaya masa komai dalla-dalla ba, na ce dai idan mutum ya yi zargin akwai mai wuri a inda yake aiki, me zai yi. Ya ƙulla mini wani garin turare a tsumma, ya ce in yi hayaƙi mai yawa, in rufe wurin ya kwana, duk abin da ke ciki zai tashi.

Bayan la'asar, da mutane suka watse, na cika babban kasko da gawayi, na hura shi ya yi ja, na zuba turaren, na zura shi cikin guga har ƙasa. Na ja fallayen kwano biyu da muke rufe bakin rijiyar saboda awaki, na ƙara da buhuna na toshe duk wata kafa. Gab da magariba na ɗan ɗaga gefe na jawo kaskon, gawayin ya mutu bai gama cinyewa ba. Na zubar da shi a bayan gari, na mayar da murfin na danne da duwatsu. Ni da aka koya wa abin da mutuwar wuta a rijiya ke nufi tun ina ɗan shekara goma sha biyu, na ga gawayi ya mutu da kansa, ban tsaya na yi tunani ba. Abin da ke raina kawai shi ne na kori abin.

Da safe na ce zazzaɓi nake yi. Gaskiyar ita ce ba na so in ko leƙa rijiyar. Yaya Musa ya taɓa goshina, ya ce in kwanta, zai samu mutum biyu su riƙe masa igiya. Ya ɗauki fitilar ya girgiza, ba mai a ciki.

"Bar ta," in ji shi. "Shekaranjiya ka wuni a ciki lafiya lau."

Yana bakin zaure yana saɓa sabuwar igiyar a kafaɗa. Kalma shida ko bakwai za su isa. In ce, Yaya, na yi hayaƙi a ciki jiya. Na buɗe baki, sai na tuna dariyar da zai yi mini, da yadda zai ba da labarin a gida cewa Idi ya yi wa ƙashin jaki turare. Na ce a raina ai hayaƙin ya daɗe da bajewa. Na juya fuskata bango.

Ba a yi rabin sa'a ba na ji gudu. Ɗaya daga cikin masu riƙe igiyar ne, ya tsaya a ƙofar zaure yana haki, ya ce yayanka ya daina amsawa. A kan hanya ya gaya mini cewa da Yaya Musa ya kusa ƙasa sun ji ya ce, wa ya sa turare a nan. Daga nan ya kwance igiyar daga ƙugunsa kamar yadda muka saba. Sai suka ji ya kira sunana sau ɗaya. Shi ke nan.

Na san abin da ake yi. Na sa aka saro rassan tsamiya masu ganye, aka ɗaura a igiya ana zurawa ana jawowa da sauri don iska ta motsa. Amma wannan aikin sa'a guda ne, ni kuwa ba ni da ko minti biyar. Na ɗaura igiya a ƙirjina, na jiƙa rawanina na rufe hanci, na ce da maza shida su sauke ni da sauri, in na ja sau ɗaya su jawo ko me suka ji. Tun ina tsakiya kaina ya fara sarawa. A ƙasa na same shi kwance a gefe guda, kuncinsa a jingine da dogon bakin nan, kamar mai yi masa raɗa. Idanuna suka fara rufewa da duhu ta gefe-gefe. Na zarga masa sabuwar igiyar da ya kwance a hammata, na ƙulla, na ja. Ban san lokacin da aka fito da ni ba. Da na farfaɗo ina kwance a inuwar tsamiya, an lulluɓe wani abu da zane a gefena.

Kafin a kai gawar Daura labari ya riga mu. Masu riƙe igiyar sun ji maganar turare, wani kuma ya leƙa da madubi ya haska rana ciki ya hango haƙoran. Aka haɗa biyun, aka ce mai wurin ne, har da ƙanshinsa. Ba wanda ya tambaye ni komai. Mutane suna riƙe hannuna suna yaba mini da na shiga na ɗauko ɗan'uwana. Inna ta zauna a ƙofar ɗakinta kwana uku ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Matarsa, Yaya Talatu, tana ɗaki tana takaba, ɗansu Lawal, mai shekara huɗu, yana yawo tsakanin masu zaman makoki yana tambayar wa zai kai shi ya ga rijiyar Baba.

Ƙanwarmu, Goggonku Rakiya, ita kaɗai ce a gidanmu ta yi karatun boko mai zurfi. A lokacin tana koyar da kimiyyar halittu a wata makarantar 'yan mata. Bayan sadakar bakwai ta same ni a zaure ta ce in kwatanta mata abin da na gani. Na kwatanta. Ta sa na zana falle ɗaya a ƙasa da tsinke.

"Yaya Idi, ramukan nan a sama kawai suke, ko har ƙasan fallen?"

"A sama. Ƙasan sumul yake."

Sai ta ce tana so ta gani da idonta.

A ranar ne mai garin ya aiko cewa sun yanke shawarar cike rijiyar. Na kwana biyu ina juya abin. In aka cike ta, asirina ya rufu har abada, mata kuma su ci gaba da bin jakuna, aikin da Yaya Musa ya mutu a kai ya tashi a banza. In na koma, zan sake tsayawa gaban abin nan ni kaɗai. Har lokacin ban daina jin tsoronsa ba. Na san abin da na yi da kasko, amma wani ɓangare na zuciyata yana so ya zama aljanin ne, kuma yana tsoron ya zama shi ne. Na je na roƙi mai gari ya ba ni kwana bakwai. Limamin garin, wani dattijo mai sanyin magana, shi ya goya mini baya. Ya ce bai san mene ne a ciki ba, amma ya san ba abin da ke kashe mutum sai da kwanansa ya ƙare, kuma ƙishirwa ma kisa take yi.

Muka bar rijiyar a buɗe kwana biyu. Na zura fitila, ta sauka tana ci, ta dawo tana ci. Na sake zurawa har sau uku. Ba wanda ya yarda ya riƙe mini igiya sai da liman ya kama da kansa, sannan wasu suka ji kunya suka zo. Saukar nan ita ce mafi tsawo a rayuwata. Takalmin Yaya Musa guda ɗaya yana nan a ƙasa. Na ɗauke shi na sa a aljihu, na juya na fuskanci abin. Na daɗe ina kallonsa, ina jiran ya motsa. Daga ƙarshe na miƙa hannu na taɓa haƙori ɗaya. Sanyi ne da shi kamar kowane dutse. Na sa kurfi, ƙarfen sassaƙar dutse, na fara sara a hankali, ina kuka ina sara.

Kwana huɗu ina fito da shi gunduwa-gunduwa. Rakiya ta shimfiɗa tabarmi uku a ƙarƙashin tsamiya tana jerawa. Rana ta farko mutane na tsaye can nesa. Rana ta uku har mata sun matso da goyo. Kan ya fito kashi uku. Ƙasusuwan baya kamar ƙananan turame. Fallayen sulken sun fi arba'in, ban da waɗanda suka shige bango ban bi su ba. A cikin farin dutsen kuma muka yi ta samun bawon katantanwa iri-iri da wasu ƙananan haƙora masu kusurwa uku.

Mai gari ya tsaya a kan tabarmar ya ce, "Malama, gaya mana gaskiya. Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, kada ne. Amma ba irin na kogi ba. Na teku ne."

Wasu suka yi dariya, ita ce dariya ta farko da na ji a garin tun rasuwar. Wani ya ce teku a nan, inda ake neman ruwan alwala. Rakiya ba ta ji haushi ba. Ta ɗaga bawon katantanwa ta ce wannan ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri, ƙananan haƙoran kuma na wani kifin teku ne. Ta ce tun kafin a yi mutum, wani hannu na teku ya taɓa shigowa ta arewa ya kwanta a kan wasu sassan ƙasashen nan, kuma an sha tono irin waɗannan ƙasusuwa ta wajen Sakkwato da cikin Nijar, sai dai ba ta taɓa jin an samu ta wajenmu ba. Ta ɗauki falle ɗaya ta nuna mana. Ta ce wannan ƙashi ne da ke tsirowa a cikin fata, layi-layi a gadon baya, shi ne sulkensa. Ta ce kakannin kadoji na can farko a tudu suke, masu dogayen ƙafafu, suna gudu kamar karnuka, sulken na kare su. Daga baya wasu suka koma koguna, wasu suka zarce teku. Waɗanda suka zauna a teku, a hankali cikin zamunna masu tsawon da ba a iya ƙirgawa, bakinsu ya yi tsawo ya sirance don ya tsaga ruwa ya cafke kifi, wutsiyarsu ta yi faɗi ta zama abin tuƙi. Ta jera ƙasusuwan wutsiyar ta nuna mana dogayen ƙayoyin da naman tuƙin ke kamawa. Ta ce lokacin da wata babbar halaka ta shafe manyan dabbobin wancan zamani, irin wannan sun tsira, sun ci gaba da zamansu, sai can daga baya su ma suka ƙare, tekun ya janye, laka ta rufe wannan ta zama dutse.

Liman ya tsuguna ya juya fallen a hannunsa. Ya ce, "Allah ya yi halittu da yawa da bai yi shawara da mu ba." Ya mayar da shi inda yake a layi.

Da yamma, da kowa ya tafi salla, na rage daga ni sai Rakiya a bakin tabarmin. Na tambaye ta ko wannan abu zai iya kashe mutum.

"Ya fi dutsen niƙa rashin rai, Yaya." Ta dube ni. "Amma akwai abin da ban gane ba. Rijiyar da ka wuni a cikinta lafiya, me zai ɓata iskarta a kwana biyu? Kuma wa ya sa turaren?"

Na gaya mata. Ta rufe fuska da mayafinta. Da ta buɗe ta ce gawayi in ya ci a rufaffen wuri yana cinye iskar da ake shaƙa, ya bar wata wadda ke kwanciya a ƙasa kamar ruwa, ba ta tashi sai an kore ta. Na ce na sani. Na ce tun ina yaro na sani.

"To sai ka gaya wa Inna da Yaya Talatu. Ba zan faɗa a madadinka ba, ba kuma zan riƙe maka asirin ba."

A gaba ashirin da ɗaya ruwa ya ɓullo, mai daɗi, har yau ana sha. Ƙasusuwan kuwa Rakiya ta rubuta wa wani tsohon malaminta, aka zo da mota aka kwashe su zuwa jami'a. Na koma Daura, da hantsi na durƙusa a tsakar gida, Inna na zaune a tabarma, Yaya Talatu na bayan labulen ɗakinta, na faɗi komai har da juya fuskata bango. Inna ta dubi ƙasa.

"Babba ya tafi," in ji ta. "Ba zan bari gari ya cinye mini na biyu ba. Maganar nan ta tsaya a gidan nan har in mutu. Yaron kuma kai za ka riƙe shi."

Yaya Talatu ta gama takaba ta koma gidansu a Dutsi. Ba ta sake yi mini magana ba har ta bar duniya, in mun haɗu a sabga sai ta sauya hanya, kuma ban ga laifinta ba. Amma ta bar mini Lawal kamar yadda Inna ta ce. Na sayar da diga da igiya, na koma noman gero da gyaɗa. Ba tsoron rijiya ya hana ni haƙa ba. Na ga dai bai kamata wani ya sake sauka bisa amanata ba.

Lawal ya tashi tare da ku, kuna ce masa Yaya, yana ce mini Baba. Ni na yi masa aure, ni na raɗa wa ɗansa na fari suna. Bai dace ya karanta wannan a takarda ba, don haka makonni uku da suka wuce, bayan an sauko daga Juma'a, na zaunar da shi a zaure na gaya masa da bakina. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Baba, da ya kira sunanka, kana ganin ya gane kai ne?"

Na ce ban sani ba. Na ce shekara talatin ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya.

Ya tashi, ya sa takalmansa, ya ce a gaida mutanen gida. Na ji tashin babur ɗinsa har ya ɓace. Juma'a biyu ke nan bai zo ba. Kada ɗayanku ya je ya ba shi haƙuri a madadina, kada kuma ku ga laifinsa. Na dai ce wa mahaifiyarku ta ci gaba da zuba tuwon Juma'a da kwanonsa.